Ranar da Na Kwashe Takalman Jam'iyya

Duk wanda zai rubuta tarihin siyasar arewacin Zamfara bai saka ni a ciki ba, gara ya ajiye alƙalami ya nemi wata sana'a. Ni ne mutumin da ya hana jam'iyyarmu darewa gida biyu, tun daga Kaura Namoda har bakin iyaka, kuma na yi wannan aiki ban hau mumbari ba, ban taɓa lasifika ba. Masu baƙin ciki za su ce maka gadin takalma aka ba ni a ranar. Haka ne. Ban taɓa musu ba. Amma a bar ni in faɗi nawa.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. Sojoji sun ce za su koma bariki, kowa ya wayi gari ɗan siyasa, har mai sayar da kunun bakin tasha yana da ra'ayi a kan tsarin mulki. Ni kuwa ma'auni ne a kasuwar hatsi ta Kaura. Daga safe zuwa yamma in auna gero, in cika buhu, in ɗinke bakinsa da basilla, in jingine shi a bango. Hannuna ya saba har ba ya neman shawarata. In na ga abu a tsibe a ƙasa, sai na ji kamar ana kirana.

Yayana, wanda ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, shi ne jagoran 'yan Kaura a jam'iyya. Surukina, mahaifin matata, babban manomi ne a Zurmi, shi ne kuma jagoran mutanen can. Jam'iyya guda, tuta guda, amma kujerar shugaban yanki ita ma guda ce, kuma kowane gari ya ce tasa ce. Aka sa ranar babban taro a Kaura don a raba gardama. Ana cikin haka Allah Ya sauki matata lafiya, namiji, bayan 'yan mata da muka jera. Na ƙudura a raina sunan kakansa na Zurmi zan sa masa. Taro ya faɗo tsakanin haihuwa da suna.

Na hau mota na tafi Zurmi kai albishir. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a bakin zaure, idona a ƙasa, kamar yadda ake yi wa suruki. Zauren cike yake da magoya bayansa. Ya sa albarka, sannan ya ɗaga murya fiye da yadda kunnena yake buƙata.

"Madalla. Allah shi raya. Amma ka jiya da kyau, yaro. Ran taron ga naku, in yayanka yac ce Kaura ce gaba Zurmi baya, tashi za ni yi in sa takalmina in hita. In kuwa na hita, ƙahwata ba ta ƙara taka Kaura, ko suna ko biki."

Zaure ya ɗauki "Haka ne, Baba!" Ni kuma na ce, "To, Baba," don suruki ba shi da wata amsa bayan wannan.

Da na dawo gida na gaya wa yayana. Ko kofin shayinsa bai ajiye ba.

"Ka sa wa ɗanka sunan da kake so. Amma in tsohon ga ya kunyata ni gaban jama'a, ba da bakina za a raɗa wa liman shi ba."

Na shiga wurin mai jego ko zan sami sanyi. Tana shan kunun kanwa, ta dube ni ta saman ƙwarya.

"Malam, in Baba bai zo sunan ga ba, kai za ka shigo tsakar gida ka yi wa mata bayani. Ni jego nike."

Wanda bai taɓa tsayawa gaban matan suna ba bai san girman wannan magana ba. Na gwammace in yi wa gwamnan soja bayani.

Don haka da aka nemi masu aikin sa-kai, ni ne na fara ɗaga hannu. Na ce a ba ni harkar tsaro. A wani tsohon sito na gyaɗa kusa da tashar jirgi za a yi taron, rufin kwano, ƙofa guda. An aro bencina daga makaranta, ba su isa ba, tun kafin a fara aka soma rigimar wa zai zauna sama wa zai zauna ƙasa. Shugaban taron, wani dattijo ɗan kasuwa daga Shinkafi, ya ce a fitar da bencinan duka a shimfiɗa tabarmi, kowa ya zauna daidai da kowa, alamar haɗin kai ke nan. Inda aka shimfiɗa tabarma kuwa dole a tuɓe takalmi. Sai aka waiwayo aka ce mani ga tsaron nan.

Ban raina aikin ba. A bakin ƙofar nan na ga jam'iyya yadda shugabanninta ba su taɓa ganinta ba. Ga sau-ciki na ma'aikatan jirgi da malaman makaranta, an goge har kana ganin fuskarka. Ga takalman taya na manoman Zurmi, waɗanda ko jikokinsu ba za su cinye su ba. Ga na roba na makiyayan Jangeru. Ga silifa iri-iri, wasu an ɗaure da waya. Tsibin ya kai mani gwiwa, in ka tambaye ni ran da nake jin daɗi ya kai ƙirji.

Surukina ya iso da tawagarsa. Mutumin da kullum silifa yake shurawa, ranar wani takalmin fata ya sa mai maɗaurai, irin wanda sai ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance shi a tsanake, ya ajiye da hannunsa daidai bakin ƙofa, gefe guda, ba cikin tsibi ba. Na ce a raina, wato har ya shirya hanyar fita. Yayana kuma, maimakon ya wuce can gaba wurin manya, sai ya zauna tsakiyar jama'a, ta ɓangaren ƙofa. Na ce wannan iska yake nema.

Abokin aikina a bakin ƙofar taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina da ke aure a Jangeru, shi aka ba randunan ruwa da moɗa. Tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Aka buɗe da addu'a, aka shiga magana. Kowa da ya miƙe haɗin kai yake so. Ban taɓa jin mutane sun yarda da abu guda da irin wannan ihu ba. Yayana ya karɓi lasifika.

"Jama'a, haɗin kai awa jirgin ƙasa yake. Kai guda, taragai na biye. Kun taɓa ganin tarago yac ce yau shi za shi ja?"

Wani daga Zurmi ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba. "In babu gero cikin taragon, mi kan ke ja? Iska?"

Wani daga Shinkafi ya ce, "Ku dakata. Jirgin ga ai nan Kaura yake ƙarewa. Mu da muke gaba da ƙarshen layi, ba mu cikin jam'iyya ke nan?"

Wani malamin makaranta ya ce a bar maganar jirgi, haɗin kai shi ne a ci tuwo a akushi guda. Aka tambaye shi wa zai zauna ta wajen naman. Ya zauna. Wani tsoho ya ce a yi karɓa-karɓa, bana wannan gari, baɗi wancan. Kowa ya yaba, sai aka koma gardamar wa zai fara karɓa. Kwano ya ɗauki zafi, bazara ce, rawuna suka fara karkacewa.

Na ce wa taubashina, "Ka ji ko? Jam'iyya za ta mutu a hannunmu."

Ya miƙa wa wani moɗa, ya ce, "Jam'iyyar da ba a ihu cikinta ita ce matatta. Wagga lahiyarta lau. Kai dai ma'auni ne, in ba ka ga abu cikin buhu an ɗinke ba, ba ka yarda ya haɗu."

"Haɗin kai shi ne kada kowa ya fita."

"Wannan ai gidan yari ne, ƙato. Ka bar manya su yi abinsu. Ka san sau nawa sunka yi irin wagga rigima tun kana yawo ba wando?"

"Kai ɗanka za a yi wa suna?"

"Ni ko mata ba ka bari na samu ba, da baƙin bakinka."

Daga ciki na jiyo muryar surukina ta fara hawa. Na san wannan murya, ita ce ta zaure. Na dubi takalmin nan mai maɗaurai, na dubi filin da ke gaban sito. Tsakuwar layin dogo ce shimfiɗe, rana ta gasa ta har tana wani rawa-rawa a ido. A tsakiya tsamiya guda. Bayan tsamiyar ƙarangiya ce har bakin titi. Nan dabara ta sauko mani, irin wadda ke zo wa mutum sau ɗaya a rayuwa. Dattijo ba ya fita ba takalmi. In babu takalmi babu fita, in babu fita akwai suna. Kuma don kada a ce na ware Zurmi, adalci ya sa na kwashe na kowa.

Tsofaffin buhunan gyaɗa na nan jibge a gefe, babu komai ciki. Na cika su. Taubashina yana kallo, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya," ya juya baya. Basilla tana aljihuna kamar kullum, kuma na riga na gaya muku hannuna ba ya neman shawarata. Na ɗinke bakin kowane buhu, ɗinki mai kyau, har da kunnuwa biyu na ɗauka. Na ja su bayan sito na jingine a bango, na dawo na tsaya a ƙofa kamar ɗan sanda.

Ban daɗe ba sai ga shi.

"To, tunda haka ne, Zurmi ta tashi!"

Surukina ya miƙe, ya saɓa riga, ya nufo ƙofa a hankali, tafiyar sarauta. Mutanensa suka miƙe bayansa. Na hango yayana shi ma ya fara yunƙurin tashi, ba gaggawa, yana gyara hula, yana ce wa na kusa da shi su janye ƙafa.

Baba ya iso bakin ƙofa, ya tattara riga kamar mai shirin zama, ya dubi inda ya ajiye takalminsa. Ƙasa ce fes, har na share. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dube ni. A duk faɗin jam'iyya a wannan lokaci takalman mutum guda ne suka rage, suna ƙafata. Na tuɓe su na tsuguna.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya. Ina takalmina?"

"Yaya gajiyar hanya, Baba?"

"Babu gajiya. Takalmina."

"Yaya aka baro mutanen gida? Da su Inna? Shanu fa?"

Na yi niyyar in gaishe shi har la'asar. Amma mutanensa sun taru a bayansa suna turowa, masu zafin kai suna cewa, "Mu tahi, Baba, mu tahi!" Idon sito duka yana kansa. Mutumin da ya ce ya tashi ba zai tsaya a bakin ƙofa hannu sake ba abin yi ba. Ya waiga sau ɗaya cikin sito, kamar mai neman wani. Yayana yana can yana tsallake ƙafafun mutane. Sai Baba ya yi bismilla ya taka tsakuwa.

Yayana ya iso da gudu a ƙarshe, ya miƙa hannu zai kama riga, ya kamo iska. Ya dube ni da wani ido da ban taɓa gani ba tun ranar da na sayar da tantabarunsa muna yara.

Takun farko na surukina na dattako ne. Na biyu ma haka. Daga nan tafiyar ta fara canza launi. Ya ƙara sauri, ya fara ɗaga gwiwa, can sai ga mutumin da ake tsuguna wa tun daga nesa yana wani irin taku da ko a dandali ban taɓa gani ba. Bai nufi titi ba, tsamiya ya nufa. Zurmi ta bi shi. Kaura ta bi Zurmi tana "Haba, Baba! Wash! Don Allah, Baba! Wayyo!" Shinkafi ta duba ta ga an bar ta da tabarmi, ita ma ta fito, shugaban taro a gaba, lasifika a hammata. Makiyayan Jangeru kaɗai suka tako a natse, suna mamakin abin da ke damun mutanen birni.

Rana tana tsaka, inuwar tsamiya ta tsuke ta koma kamar faifai. A cikinta jam'iyya duka ta shiga. Gaba ƙarangiya, baya wuta. Mutanen da suka yi watanni ba sa gaisawa suka riƙe kafaɗun juna, kowa a kan ƙafa guda yana hura ɗayar. Wanda ya ce tarago da wanda ya ce gero suna rungume. Wani malami ya hau reshe. Ni ina bakin ƙofa, na mayar da takalmina, ina kallon haɗin kai da idona, har ƙwalla ta zo mani.

A nan yayana ya samu ya kama rigar.

"Baba, don girman Allah ka yi haƙuri. Kai uba ne. In ka tahi, wa muke da shi?"

"Na ji. Sauka daga bisa ƙahwata."

"Sai ka ce ka haƙura."

"Na haƙura! Kowa ya shaida an roƙe ni? To, sauka!"

Shugaban taro ya ɗaga lasifika, ko numfashi bai tsaya yi ba. Shugabancin yanki na Kaura, takarar majalisa ta Zurmi, ajiya da sakatare na Shinkafi, zagaye na gaba a juya. Akwai mai ja? Wani matashi ya buɗe baki, aka ɗan matsa shi har diddigensa ya taɓa rana, ya ce ya amince. Aka shafa fatiha. Abin da aka kwashe rabin yini ana ihu a kansa ya ƙare kafin a gasa masara guda. Na yi mamakin yadda dattijon nan ya tsara rabon a kansa nan take. Na ce lallai ɗan kasuwa daban ne.

Sai aka juyo gare ni gaba ɗaya, aka ce to, a kawo takalma.

Na zagaya bayan sito ina murmushi, ina shirya ɗan jawabin da zan yi. Bango na nan. Buhuna babu. Sai sawun tayar babbar mota.

Duk wanda ya yi aiki a kasuwar hatsi ya san ƙa'ida: buhun da aka ɗinke aka jingine a bango ya gama sallama da mai shi, na mota ne. 'Yan dako ba sa tambaya, ɗinki suke dubawa. Ana lodin gero a sito na kusa, suka ga buhuna da kunnuwa, suka yi aikinsu. Taubashina ya leƙo da moɗa a hannu.

"Motar Shinkafi ce. Sun ma yaba ɗinkin. Sun ce dai geron bana ba shi da nauyi."

Ƙuduri na biyu da jam'iyya ta zartar ba hamayya a ranar shi ne in bi motar. Kafin in tafi yayana ya ce in tuɓe takalmi. Ya ɗauki takalmina da hannu biyu ya ajiye gaban surukina, jama'a suka yi ta yaba tarbiyyarsa. Sauran wakilai aka shimfiɗa musu tabarmi daga tsamiya zuwa sito, suka bi layi kamar masu haye gada. Ni na hau bayan wata mota ƙafa tsirara.

A Shinkafi aka ce ai kayan sun wuce Jangeru. A can na same su washegari, saura kaɗan su ƙetare iyaka, a rumfar wani dillali da ya farke buhu guda yana tsaye a kansa.

"Naka ne? Bawan Allah, na saba a cakuɗa mani gero da tsakuwa. An taɓa sa mani yashi. Amma wanga sabon salo ne."

Rabon takalman ya ɗauki makonni. Na Kaura ya tafi da ƙafar hagu ta mutumin Zurmi, na Zurmi ya tafi da ta Shinkafi, aka yi ta ziyarar juna ana musaya, ana cin tuwo a gidajen da da ba a shiga. Wannan ma ina lissafa shi cikin ayyukana.

Ranar suna da sassafe muna zaune a ƙofar gida, sai ga surukina ya sauko daga mota da mutanensa. Na ji kamar an sauke mani buhu daga ka. Ya iso bakin tabarma, ya tuɓe takalmi, ya dube ni, sannan ya ɗauke shi ya saƙale a hammata ya zauna da shi. Yayana ya matsa kusa da liman ya raɗa sunan da bakinsa. Aka yi addu'a, maroƙi ya sanar, guɗa ta tashi daga cikin gida. Ban yi wa mata bayanin komai ba.

Da aka fara watsewa na tsuguna gefensa ina godiya. Taubashina, wanda ba ya iya ganin zaman lafiya ya ƙyale, ya matso da goro.

"Baba, ka ji surukinka kuwa? Cikin kasuwa yake faɗi shi ya haɗa kan jam'iyya."

Baba ya ɓare goro, ya tauna, ya miƙe ƙafa yana duban tafinta da ke saɓa, sannan ya juyo gare ni.

"Tun ran kasuwar Shinkafi munka gama magana da yayanka, a shagon shugaban taro. Rabon da kaj ji, can anka yi shi. Saura kawai mutanena su gani da idonsu na yi hushi an roƙe ni, kada in koma gida a ce na sayar da su. In tashi, in zauna bakin ƙohwa ina ɗaurin takalmi, shi kuma shi taho shi riƙe mani riga. Don mi kake zaton nis sa mai maɗaurai?"

Yayana yana gefe yana kallon sama.

Baba ya gyara takalmin a hammatarsa.

"Aiki guda anka ba ka, yaro, ka zauna ka bar takalmi inda yake. Ko dutse anka aza wurin, da ya yi shi."